Kafin ki sayi kayan hayaƙin ɗaki: hano, luban, seji da sauransu

Duk wadda ta yi damina a Birnin Kebbi ta san warin da nake nufi. Ruwa ya kwana biyu yana zuba, fadama ta cika, katifa da labule sun sha ɗanshi, ki buɗe akwatin kaya wani bashi-bashi ya tare ki. Da an kira magariba kuma sauro ya taso daga gonakin shinkafa. Lokacin ne kowace mace ke neman abin da za ta zuba a kasko, lokacin ne kuma masu sayarwa ke cin kasuwarsu, na kirki da na banza. Na fi shekara goma ina sayen kayan hayaƙi da kuɗina, na gida da na waje, kuma tun yanzu zan faɗi inda na tsaya: ƙaron hano.

Hano, wanda wasu ke kira ararrabi, itacen duwatsu ne. Wanda ya bi hanyar Zuru ko tuddan Zamfara ya gan shi ko da bai san sunansa ba. Ɓawonsa yana salewa kamar tsohuwar takarda, da rani ya kaɗe ganye tas, sannan ya fitar da fararen furanni masu ƙamshi. Idan aka ji masa rauni ko ɓawon ya tsage, sai ya zubo wani farin ruwa mai danƙo, ya daskare ya zama ƙwaya-ƙwaya, fari mai ɗan ruwan ɗorawa, wani da alamar kore. Wannan shi ne ƙaron. Mutane da yawa ba su san ɗan'uwan luban ne na jini ba. Masana tsirrai sun sa su a gida ɗaya: na Oman da Yaman da Somaliya shi ne Boswellia sacra, namu kuma Boswellia dalzielii, sunan wani likita Bature, Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa ya tattara sunayen itatuwanmu da Hausa aka buga a 1916. Wato luban ɗin da alhazai ke ɗauro mana tsaraba daga Makka, muna da danginsa a dajinmu. Masu sayar da kayan ƙamshi a Turai da Amurka ma sun gano shi, suna tallarsa da sunan luban ɗin Najeriya.

Yadda yake ci a wuta shi ya sa na riƙe shi. Ki bar garwashi ya yi ja har farar toka ta lulluɓe shi, sannan ki ɗora ƙwaya biyu ko uku masu girman wake. Za ki ga sun yi laushi, sun fara tsatsafo da 'yar kumfa, wani siririn farin hayaƙi ya miƙe. Ƙamshin farko kamar an ɓare lemun tsami kusa da na'a-na'a, bayan 'yan mintoci ya koma na itace mai sanyi. Ba ya hawa kai, ba ya tayar wa mai ciki zuciya kamar haɗin da aka cika wa turaren ruwa, kuma yana cinye warin ɗanshi maimakon ya hau kansa su gauraye. Da zarar ƙwayar ta yi baƙi ki ɗauke ta da cokali, don in kin bari ƙauri zai ɓata miki duk abin da kika samu. Sauro da ƙuda suna ja da baya muddin hayaƙin na nan. Da ya washe za su dawo, saboda haka gidan sauro yana nan a matsayinsa.

Yana da nasa rauni, ba zan ɓoye ba. Ƙamshinsa ba ya kama tufafi ya kwana, don haka amaryar da ke son kabbasa ta nemi wani abin. Samunsa ma ya yi wuya tun da matsalar tsaro ta hana mutane shiga dazuka da yawa, musamman ta ɓangaren Zamfara. A wajen 'yan magani za ki fi samu, kuma ki bayyana cewa ƙaron kike so, don in kin ce hano kawai ɓawon za a miƙo miki. Ɓawon hayaƙinsa ya fi ƙamshinsa yawa, ga shi yawan sassaƙar da ake yi wa itacen yana kashe shi.

Luban na waje abu ne mai kyau, ban musa ba. Na Oman, musamman na yankin Zufar, ya fi hano zaƙin ƙamshi da daɗewa a ɗaki. Na Sudan da Habasha ya fi araha, ƙamshinsa ya fi nauyi. Damuwata da luban ɗaya ce: shi aka fi yi wa algus, kuma a nan ne na ƙone.

Shekara uku da suka wuce na sayi kwalba guda wurin wata mai talla a waya, ta ce na Oman ne zalla. Ina buɗe murfin ƙamshi ya cika falo, na ji daɗi. Da daddare na zuba a kasko, ƙwayoyin suka ƙi narkewa, suka yi baƙi suna kumbura, ƙamshin ya gudu cikin minti ɗaya ya bar ƙauri irin na sukarin da ya kama a tukunya. 'Yata mai asma ta kwana tana tari, ni kuma na kwana zaune da ita a ƙirjina ina jin yadda numfashinta ke fito. Da safe surukata ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta jefa a kofin ruwa, muka bar shi. Kafin la'asar ta narke ƙurmus, ruwan ya yi yauƙi garai-garai. Inna ta dube ni ta ce, “Ɗiyata, wanga ai ƙaro na, irin wanda yara ka sa ma tawada. Turare ɗai anka fesa mai.” Na kira mai kayan, ta ce ita ma haka aka kawo mata, daga nan ba ta sake ɗaukar wayata ba.

Tun ranar nan ba na sayen luban ko hano sai na gwada, kuma gwajin ba shi da wuya. Na gaskiya idan yana kwalba ƙamshinsa kaɗan ne, sai kin kai hanci ko kin murza shi a tafin hannu. Duk wanda ya buge ki tun daga nesa, feshi ya sha. Ki tauna ƙwaya ɗaya: na gaskiya zai fara rugurgujewa, sannan ya haɗe ya zama kamar cingam, da ɗan ɗaci. Ƙaron ƙaya kuwa narkewa yake a baki, ba ɗaci ba ƙamshi. Ki jiƙa shi a ruwa ya kwana: na gaskiya zai mayar da ruwan fari kamar an ɗiga madara, ƙwayar kuma ba ta ɓacewa gaba ɗaya. Akwai wani jabun da ya fi wannan haɗari, wani danƙo mai sheƙi kamar fasasshiyar kwalba, wanda ake samu daga itatuwan ƙasashen sanyi ana aikin masana'antu da shi. Shi ruwa ba ya taɓa shi, a wuta kuma yana narkewa sharaf ya tsiyaye, hayaƙinsa yana maƙaƙi a maƙoshi. Wasu ba sa cika kwalbar da jabu, sai su zuba na kirki a sama, tsakuwa da garin ƙaro a ƙasa. Ki sa a juye miki a faranti ki gani. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Dattijon da nake saye wurinsa yanzu, da kansa yake cewa, “Hajiya, ga wuta nan, gwada kamin ki biya.” Wanda ya hana ki gwaji da hujjar an riga an liƙe leda, ki bar masa kayansa.

Yanzu ga seji, ganyen da ya cika tallar Instagram da TikTok, ɗaurarre da zare kamar ƙaramar tsintsiya. Farin seji, Salvia apiana, tsiro ne na kudancin Kaliforniya a Amurka da arewa maso yammacin Meziko. 'Yan asalin wancan yanki, irin su ƙabilun Chumash da Cahuilla, suna ƙona shi a cikin ibadunsu tun kaka da kakanni, kuma su da kansu suna kukan yadda kasuwa ta sa ake tsige shi a daji ba bisa ƙa'ida ba. A 2018 an kama mutum huɗu a wani keɓaɓɓen daji na Kaliforniya da ganyen da nauyinsa ya kai wajen kilo 180. Maganar da ake yi cewa hayaƙinsa yana tsarkake ɗaki daga waccan ibada ta samo asali, mai saye ta san haka kafin ta kewaya ɗakinta da shi. Na gwada sau ɗaya: hayaƙi mai yawa, ƙamshi mai kaifi da ɗaci, ya maƙale a labule kwana biyu, ga tsada. Kuma yawancin abin da ke yawo a nan ma ba shi ba ne. Wani maramiyya ce ta shayi da Larabawa ke sha, wani kuwa busasshen ganye ne kawai da aka ɗaure.

Masu tallarsa suna yawan cewa bincike ya nuna yana kashe kashi 94 cikin 100 na ƙwayoyin cuta a iska. Binciken yana nan, an buga shi a 2007, amma a Indiya aka yi shi, da wani haɗin itatuwa da saiwoyi da mabiya addinin Hindu ke ƙonawa, aka turara rufaffen ɗaki na awa ɗaya. Babu seji a cikin haɗin. Wace uwa ce kuma za ta rufe 'ya'yanta awa guda cikin hayaƙi?

Ganyayenmu na gida sun fi shi a wurina, ko don kin san abin da kike ƙonawa. Sarakuwar sauro da ɗaɗɗoya busassu suna korar sauro a tsakar gida, amma sun yi hayaƙi da yawa ga ɗaki. Tazargade warinsa ya fi ƙarfin falo. Kajiji da saiwar jema suna da ƙamshin ƙasa mai daɗi, sai dai su kaɗai ba sa kai wa ko'ina, a haɗi suka fi amfani. Jawul kuwa, ɗan kaɗan kan hano yana ƙara masa zaƙi, da yawa kuma yana shaƙe mutum. Turaren tsinke ban sa shi a lissafi ba.

Itacen ud shi ne sarki, kuma yana da asali a sunna: Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar yakan yi turare da shi zalla, ko ya haɗa da kafur, ya ce haka Manzon Allah (SAW) yake yi. Amma itacen da ake samun ud daga gare shi, Aquilaria, da ke fitowa a Assam ta Indiya da Kambodiya da Indunusiya, ba ya yin baƙin danƙon da ke ba shi ƙamshi sai ya samu rauni ko cuta ta kama shi, shi ya sa ake auna shi da tola, wajen giram 12, kamar zinariya. In an ba ki cikin leda da kuɗin kwanon shinkafa, itace ne aka rina aka jiƙa da mai. Ki kankare gefe da wuƙa: idan baƙin ya tsaya a fata ciki fari ne, kin ga amsa.

Haɗaɗɗen turaren wuta irin na Borno, mai hawi da gabgab da sandal da farce, babu kamarsa wajen kama tufafi. Sai dai da zarar an soya itace da sukari an zuba turaruka, ido ba ya iya rabe komai. An sha samun garin katako na wurin kafinta a ciki, kuma ba ki san ko katakon ya sha fenti ko maganin gara ba. Wannan sai wurin wadda kika sani, kika ga inda take haɗawa. Haka nan ƙullin garin da ake ce miki na korar aljanu ne ko karya sihiri, a ƙi gaya miki abin da ke ciki wai sirri ne. Abin da za ki shaƙa ke da 'ya'yanki ba ya zama sirri a gare ki. Neman tsari ga gida kuwa an riga an koya mana: hadisin Muslim ya ce Shaiɗan yana gudun gidan da ake karanta Suratul Baƙara.

Ko da kayan na gaskiya ne, hayaƙi hayaƙi ne. Ki share ki goge tukuna, ki shanya abin da ya jiƙe, don turare ba ya kashe hunhuna. Ki turara ɗaki lokacin da babu kowa a ciki, minti goma ya isa, sannan ki buɗe taga kafin a shiga. Jariri da mai asma da tsoho mai tari, a nisanta su har iska ta wanke ɗakin. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne hunturu, lokacin da ake rufe ƙofa da taga a bar kasko a ciki don ɗumi. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa ciwon kai da jiri, tana kashe mutum a cikin barci. Kasko ya kwana a waje, a kashe shi da ruwa ko ƙasa. Gawayin kanti mai saurin kamawa kuma, ki kunna shi a tsakar gida ya gama tartsatsi da warinsa kafin ki shigo da shi.

In za ki fara da hano, ki sayi ƙulli ƙarami, wanda bai wuce cikin tafin hannu ba, zai kai ki wata guda ko fiye. Ki zaɓi ƙwayoyi masu haske, ki tsince ɓawo da ƙasa, ki zuba a kwalbar gilas mai murfi. Kada ki bar shi a leda ko kusa da taga, don zafin Afrilu a garin nan yana haura digiri 40, sai ki tarar ya narke ya dunƙule wuri ɗaya. In hakan ta faru ba asara ba ce, ki sa kwalbar a firji ko cikin ruwan randa ta yi sanyi, sannan ki farfasa shi da bayan cokali.