Sabunin kashe ƙwayoyin cuta da na saya wa yarona

Wallahi har yanzu raina a ɓace yake da sabunin nan, jika ɗaya da rabi na ba mai butik a nan Tahoua, shina ta rantsuwa wai sati guda maruru zai bar yaron. Ƙamshi kam akwai, kumfa ma ba laifi, shi ya sa na riƙa yi mishi wanka da shi sau ukku a wuni, safe da rana da dare, ga hunturu ya shigo.

Kwana goma ba a yi ba fatar yaron ta yi fari fat kamar an barbaɗa mishi toka, bayan gwiwa ya tsage, cikin barci ma susa yake har jini ya ɓata zanen gado, wurin ya fara ruwa. Da likita ta duba sai ta ce Hajiya ke da kanki kike wanke mishi maganin da Allah ya sa a jikinshi. Ta ce fata na yin wasu sinadaran furotin nata, defensin da cathelicidin, da ke huda jikin ƙwayar cuta ta mutu, zufa ma da muke ƙyama tana fitowa da nata mai suna dermcidin. Kuma fata mai lafiya ɗan tsami gare ta, wajen 5 a ma'aunin tsami da ake kira pH, sabuni kuwa 9 zuwa 10, wato kishiyar tsami ne, to in ana dirza shi kullum maiƙon fata ya tafi, tsamin ya gushe, ta tsattsage, cuta ta samu ƙofa. Jikina ya yi sanyi, ni da nike ganin tsabta nike yi.

Ta rubuta maganin shafawa, ta ce wanka sau ɗaya da sabuni marar ƙarfi, a shafa man kaɗe tun jiki da ɗan danshi. Alhamdulillah wurin ya bushe.

Gaskiya ba zan ce sabunin banza ba ne gaba ɗaya, in na gyara kifi ko nama shina cire ƙarni daga hannu sosai, da shi nike wanke hannu yanzu. Amma da na duba kwalin sai ga triclosan, wani sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, a rubuce, abin da Amurka ta hana sawa a sabunin wanka tun 2016, kuma ko kalma ɗaya babu a kan yara ko busasshiyar fata. Na koma na gaya wa mai butik, buɗar bakinshi sai cewa ya yi wai jinin yaron ne bai karɓa ba, ko sannu bai ce mini ba.