Tsohon Honda CG125 ko Boxer na hannu? Ɗauki CG ɗin

Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Ka tambaya wane babur za ka saya. Tsakanin tsohon CG125 ɗin da aka nuna maka da Boxer ɗin da ya taɓa yin kilando, wato acaɓa, ni dai CG zan ce ka ɗauka, in har Honda ne na gaske ba sitika kawai aka manna ba.

Nawa a hannun wani dattijo malamin gona na saye shi nan Garwa, fenti ya koɗe, kujera duk ɗinki, har yara na min dariya wai na sayo kakan babura. To wata damina muna dawowa daga wani ƙauye bayan Gidar ni da ƙanina da buhun gyaɗa a baya, muka faɗa mayo, wato rafi, ruwa har gwiwa, ya mutu mana a tsakiya, muka turo shi waje ƙanina yana ta salati wai yau a daji za mu kwana. Wani yaro mai faci a bakin hanya ya kwance buji, wato fulogi, ya goge, ya tsiyaye ruwan da ya shiga karbireta, ya taka kik ya taka, sai ga shi ya tashi, kuma bai ƙara tari ba har gida. Wallahi tun ranar na daina sauraron masu cewa in sayar.

Kuma ba sa'a ba ce. Tun 1975 Honda suka fito da shi musamman don ƙasashe irin namu, inda ake lafta wa babur kaya kuma ba a juyen baƙin mai kan lokaci. Supap ɗinsa, wato bawul ɗin inji, ba shen (sarƙa) ke juya su ba, wasu 'yan sanduna biyu ne ke tura su daga ƙasa, don haka babu zancen shen ɗin cikin inji ya saki yana maka ƙara. Sannan baburan Sin da yawa da suka cika gari injin CG suka kwaikwaya, shi ya sa ba ka rasa fistan ko ringi ko gasket a shagunan kayan gyara, sai dai ka riƙa tafiya da tsohon a hannu ana gwadawa don ba kowanne ke zama daidai ba. Aibinsa? In ka matsa masa gudu yana karkarwa har tafin hannu, kuma tsofaffin sosai masu batir 6V fitilarsu ba ta da ƙarfi, tafiyar dare sai a hankali.

Boxer kuwa, to, ba ya shan mai, wannan kam ba musu, kuma tunda Najeriya ta cire tallafin fetur a 2023 zuwa-zuwa, wato fetur ɗin Najeriya da ake sayarwa a kwalba bakin hanya, ya yi tsada ba abin rainawa ba ne. Amma wanda ya yi kilando daga asuba har dare a zafin Afrilu na Garwa, mutum uku uku a kai, me ya rage a cikinsa? Da sabo ne da sai mu yi wata magana.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba. Dillalan nan ka yi hattara da su, ba duka ba amma akwai marasa tsoron Allah. Sai a samo na Sin a canza masa tanki da murfin gefe a ce maka Honda ne ɗan Japan. Ka je da makanikenka, ba nasu ba. Ka je da sassafe ka ɗora hannu a kan injin, in ka ji da ɗumi to an riga an tashe shi kafin ka iso, ka ce sai gobe, don inji mai sanyi ne ke faɗin gaskiya. Ka zaro ma'aunin baƙin mai ka duba, wasu mai mai kauri suke ɗura masa don ya ɓoye ƙwanƙwasa da hayaƙi na kwana biyu. In yana fitar da shuɗin hayaƙi ringi sun tafi, ka cire kuɗin gyaran a ciniki.

Takardu kuma kar ka ji kunyar kowa, ko da ɗan unguwarku ne. Lambar da ke jikin firam da ta kart giriz, wato takardar rajistar babur, su zo ɗaya, in ka ga alamar an goge an sake bugawa ka tafi abinka. Wanda aka shigo da shi ta Mubi a nuna maka takardar duwan, wato kwastan, in ba haka ba zandarma na farko a hanyar Pitowa zai raba ka da shi. Ku rubuta takardar ciniki da shaidu da kwafin katin mai sayarwa.

In ka saya, ranar ka juye baƙin mai, wajen lita 1 yake ci, a gyara maka tazarar supap, a wanke soson iska don ƙurar hunturu na toshe shi da wuri. Zuwa-zuwan kwalba kuma a tace maka shi da ƙyalle kafin ya shiga tanki. Ka turo hoton injin ta ɓangaren hagu da lambar da ke jiki mu gani kafin ka ba da ko dala.