Dashen Haƙori Ga Mai Lalurar Ektodamal Disfileshiya: Abin Da Muka Gani

An haifi ƙanena da lalurar gado da likitoci ke kira ektodamal disfileshiya, wadda ke taɓa gashi da farce da hanyoyin fitar gumi da haƙora. 'Yan haƙoran da suka fito masa masu tsini ne, kuma ya shafe shekaru yana fama da haƙoran roba da ake sakawa a cire waɗanda ba sa zama daram, domin ƙashin muƙamuƙi ba ya yin kauri inda saiwar haƙori ba ta taɓa tsirowa ba.

Likitan ya ƙi yi masa dashe sai da girmansa ya tsaya, kuma yana da gaskiya, tunda ƙusar ƙarfen titaniyam da ake kafawa a muƙamuƙi don riƙe haƙorin dashe ba ta matsawa tare da ƙashi kamar haƙorin halitta. Muƙamuƙin ƙasa bai ba da wahala ba. Na sama ne ya ja mu, domin sai da aka ƙara masa ƙashi, aka jira ya warke, sannan aka kafa ƙusoshin, aka sake jiran wata 6 kafin a ɗora haƙoran.

Yanzu yana tauna da kyau, maganarsa ta fita sarai, kuma ya daina rufe baki da hannu idan zai yi dariya, abin da a wurina ya fi komai.

Ƙorafina shi ne ba a ja masa kunne sosai kan ƙarancin yawu da ke tafe da lalurar ba, har dasashi ya kumbura a gindin ƙusa ɗaya kafin a koya masa goge tsakanin haƙoran da ƙaramin buroshi. Kuɗin ma ba na wasa ba ne.