Gargaɗi kan masu "kwamfutar gwajin jiki" da suka shigo Katsina

Assalamu alaikum jama'ar Katsina da kewaye. Kwana biyu ke nan da aka sallamo gwaggona daga asibiti, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Don Allah wanda ya karanta wannan ya faɗa wa tsofaffin gidansu da baki, domin su ake farauta, su kuwa ba sa hawa Facebook.

Wasu samari ne masu farar riga irin ta likitoci suka kama shago a wajajen Ƙofar Kaura, da lasifika a bakin ƙofa. Wai sun zo da kwamfuta daga ƙasar waje mai duba jikin mutum tun daga ƙwaƙwalwa har tafin ƙafa cikin minti ɗaya, ba allura, ba ɗibar jini, naira 2,000 kacal. Quantum suke kiranta. Za a miƙo maka wani ɗan ƙarfe kamar ƙotar wuƙa ka damƙe, wayarsa na haɗe da ƙaramin akwati, akwatin na haɗe da kwamfuta. Amma kafin nan sai sun rubuta shekarunka da tsawonka da nauyinka, da ko namiji ne ko mace. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Gwaggo shekara tara tana da ciwon suga da hawan jini, tana shan maganin suga mai suna metformin da ƙwayar hawan jininta, tana harkokinta lafiya lau. Maƙwabciya ce ta ja ta can. Aka buga mata takardu masu layin ja da rawaya: hanta ta taɓu, ƙashi ya yi laushi, jini ya yi kauri, guba ta taru a ciki. Sai yaron ya sassauta murya ya ce, "Hajiya, maganin asibitin nan ne ke cinye miki ƙoda. Ki ajiye shi, ki sha namu wata uku, sugan zai tafi har abada." Ta sayar da tunkiyarta ta ba su naira 45,000, suka ba ta robobi huɗu. Ba ta gaya wa kowa ba, wai tana so ta warke ta ba mu mamaki.

Cikin sati uku ƙishirwa ta hana ta sakat, fitsari ya hana ta barci, ta rame, gani ya koma dishi-dishi. Ta buga musu waya, suka ce gubar ce ke fita, ta ƙara haƙuri. Da asubar wata Laraba aka tsince ta a bakin banɗaki. Da aka gwada suganta a asibiti ya haura 400. Kuɗin tunkiya ban damu da su ba wallahi. Wannan kalma ta "ki ajiye maganinki" ita ce ta kusa kashe mana uwa.

Ranar da ta fara iya zama, na je shagon da kaina. Na faɗi shekaruna na gaskiya, 32, aka ba ni olsa da raunin mazakuta da gajiyar ido. Washegari na koma da takunkumi a fuska, na samu wani yaron daban, na ce masa shekaruna 58. Hannun dai nawa ne, ƙarfen ma shi ne. Sai ga ciwon gwiwa, ga toshewar jijiyar zuciya, ga kumburin mafitsara, olsar jiya kuwa ta ɓace a dare ɗaya. Shekarun da ka faɗa kwamfutar take dubawa ta zaɓo maka cututtukan da sa'o'inka ke tsoro.

Kada a ce ina ƙin ci gaba. Na'urar awon suga ta gida, wadda ake ɗan huda yatsa a ɗiga jini, ni na saya wa Gwaggo, haka ma ta awon hawan jini mai ɗaurawa a dantse. Su ne ke gaya mana gaskiya yanzu: suga kafin karin kumallo in ya kai 126, ko jini ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama, a tafi wajen likita. Lafiyar ƙoda da jini da fitsari ake gane ta, ciwon hanta ma sai an ɗibi jini. Ko agogon hannu da zoben da ake tallatawa a intanet wai suna auna suga ba tare da huda fata ba, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fito a watan Fabrairun 2024 ta ce kada a yi amfani da su, ba ta amince da ko ɗaya ba. To ina ga ƙarfen da aka jona a shago?

In sun zo unguwarku, ku nemi takardar rajistar likitan daga hukumar likitoci ta ƙasa, ku juya robar ku duba lambar NAFDAC. Biyu daga cikin na Gwaggo babu lamba sam. Ko da lambar ma, ƙarin abinci ne, ba ya maye gurbin maganin suga. Mai son gwaji na gaskiya ga Asibitin Koyarwa na Tarayya nan cikin gari, ga manyan asibitocin jiha, ga asibitin unguwa da za a auna maka jini a zaune.

Jiya na bi ta wajen shagon na tarar da kwaɗo a ƙofa. Mai shayin da ke gefe ya ce sun loda kayansu da daddare, ya ji suna maganar Mashi da Daura. Su uku ne, da wata mace mai karɓar kuɗi. 'Yan'uwa na can, ku sanar da masu unguwanni da limamai tun kafin su kafa lasifika, kuma ku leƙa ɗakin iyayenku yau ku ga ko suna shan maganinsu.