Sharhi: abin da Clarity ta nuna mini a shafin shagonmu

Shagonmu na atamfa da shadda yana da shafin intanet da aka gina a kan WordPress (manhajar gina shafukan intanet), kuma ni ke kula da shi. Jama'a na shiga, amma kaɗan ne ke kaiwa ga ciniki. Alƙaluman masu ziyara suna gaya maka mutum nawa suka zo da inda suka fito, ba sa gaya maka abin da ya kore su. Shi ya sa na ɗora Clarity, manhajar da Microsoft ya buɗe wa kowa a 2020. Kyauta ce, kuma ba ta ƙayyade yawan masu ziyara. Ɗora ta a WordPress ba wuya.

Tana da taswira mai launi da ke nuna inda aka fi dannawa da iyakar inda mutane ke gangarawa a shafi. Amma abin da ya fi kama hankalina shi ne yadda take maimaito maka ziyarar mutum, kana kallon inda yatsansa ya bi. Nan na ga masu saye suna ta danna hoton atamfa, suna son ya ƙara girma su ga zanen sosai, hoton kuwa ko gezau. Clarity tana ware irin wannan dannawar ta ɓacin rai, inda mutum ke buga wuri ɗaya a jere, don ka same ta da sauri. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kantin Kwari ya san mace ba ta sayen atamfa sai ta ware ta ta duba. A shafinmu an hana ta wannan, kuma wallahi abin ya dame ni.

Maɓallin WhatsApp ɗinmu yana can ƙasa, inda taswirar ta nuna yawancin mutane ba sa kaiwa. Muka dawo da shi kusa da farashi. Fom ɗin oda kuma yana tilasta sa imel da lambar gidan waya, alhali mutanenmu da kwatance suke ba da adireshi: bayan masallacin Juma'a, layi na biyu. Muka bar suna, lambar waya da gurbin kwatance kawai. Hotunan ma muka mayar da su WebP, wani nau'in hoto mara nauyi, don su yi sauƙi ga mai ƙaramar waya da data ƙalilan. Tun daga nan saƙonnin tambayar kaya suka ƙaru.

Akwai batun amana. Kallon motsin mutane ba ƙaramin abu ba ne. Manhajar tana rufe abin da ake rubutawa a fom, ni kuma na zaɓi matakin rufewa mafi tsauri, na kuma sanar da masu ziyara a shafin.

Ba ta ajiye yawancin ziyarce-ziyarcen fiye da kwana 30, babu Hausa a cikinta, kuma tana nuna abin da mutum ya yi ne kawai, ba dalilinsa ba. Don haka har yanzu nakan kira tsofaffin kwastomomi in tambaye su abin da ya ba su wahala. Ga mai ƙaramin shago da ba shi da kuɗin ɗaukar ƙwararre, ina ba da shawarar ya ɗora ta, ya fara da duba ziyarar masu shigowa ta waya.