Waya, PS4 ko PS5: Wanne Ya Dace da Mai Son Wasan Bidiyo a Garwa?

Duk wanda ya tara kuɗinsa zai sayi abin wasan bidiyo a Garwa, ko Marwa, ko Ngaundare a arewacin Kamaru, ya kamata ya fara duba wutar unguwarsu da kuɗin datar da zai iya kashewa kafin ya duba kyawun hoton wasa. Yawancin wasannin nan an tsara su ne domin mutumin da wuta ba ta yanke masa kuma intanet ɗinsa ba ya ƙarewa, alhali mu wutarmu ta dogara sosai ga madatsar ruwa ta Lagdo, wadda ƙarfinta kan ragu idan rani ya tsananta, a daidai lokacin da zafin Maris da Afrilu yake haura digiri 40. A kan wannan ma'auni nake auna kowane zaɓi.

Waya ita ce mafi sauƙi, tun da tana hannu. Free Fire, wanda kamfanin Garena ya fitar a 2017, ya mamaye matasanmu saboda dalili mai kyau: yana tafiya a kan ƙaramar waya, mutum 50 ne suke fafatawa, kuma cikin kamar minti goma an gama. PUBG Mobile na 2018 ya fi shi kyan hoto da zurfin dabara, da mutum 100 a fili mai faɗi, sai dai yana cin wuri da batir, kuma waya mai ƙaramar ƙwaƙwalwa tana yin zafi har ta riƙa tsaitsayawa. Rauninsu ɗaya ne: idan sabis ya yi rauni, za ka harbi abokin gaba ka ga bai faɗi ba, kafin allonka ya motsa shi ya riga ya kashe ka, kuma babu gwanintar da take maganin wannan. Wanda sabis ɗin gidansu ba ya tsayawa gara ya riƙe Dream League Soccer, domin ana buga yawancinsa ba tare da intanet ba, ko da yake bayan ɗan lokaci mutum kan gano lagon kwamfutar ya riƙa cinta da dabara iri ɗaya.

A wajen ƙwallo ne ake zafafa muhawara, kuma nan ne ya fi cancanta a daɗe. Garwa, garin da ya raini Vincent Aboubakar a ƙungiyar Coton Sport, ya kuma karɓi baƙuncin wasannin cin kofin Afirka a filin Roumdé Adjia a farkon 2022, ba ya wasa da ƙwallo, ko ta allo ce. Kamfanoni biyu ne suke riƙe da fagen. EA ya yi shekaru yana fitar da wasan FIFA, ya rufe da FIFA 23, sannan daga 2023 ya koma sunan EA Sports FC. Konami kuwa ya mayar da wasansa na ƙwallo, PES, zuwa eFootball a 2021, ya mai da shi kyauta, amma fitowarsa ta farko ta zo da kurakurai masu yawa har magoya bayansa suka yi ta ƙorafi.

Ƙarfin FC yana cikin sunaye da kamanni. Gasar Firimiya ta Ingila tana nan da rigunanta da filayenta, masu sharhi suna kiran 'yan wasa da sunayensu, kuma yaron da yake goyon bayan Chelsea zai sami Chelsea ɗinsa yadda yake ganinta a talabijin. Rauninsa a ganina shi ne ya fifita gudu: mai ɗan wasa mai sauri a gefe yakan ci mai tsara wasa a tsakiya, kuma abin da ake ƙarawa kowace shekara bai kai kuɗin sabon faifai ba. PES 2021, na ƙarshe kafin eFootball, ya sha bamban. Ƙwallon tana da nauyi, fas ɗin da aka buga ba a daidaita jiki ba yana kaucewa, kuma wanda ya iya haƙuri da juya wasa shi yake cin riba. A ɗakin wasa za ka gane gwanin PES da yadda yake ɗaga yatsa daga madannin gudu idan ya shiga rabin filin abokin hamayya, ya tsayar da ƙwallo, ya jira mai tsaron baya ya taso, sannan ya zura ta ta bayansa. Matsalarsa ita ce lasisi, domin za ka tarar da Manchester B a maimakon Manchester City. Wannan yana da magani a PS4, wato na'urar PlayStation 4, inda ake ɗora fayil ɗin gyara ta filashi, sunaye da riguna su daidaita. An riga an rufe wasansa na intanet, amma ga mutum biyu da suke zaune a tabarma ɗaya wannan ba asara ba ce. Kada dai mai saye ya sa ran ganin gasar Kamaru a FC, babu ita.

Akwai wani abu a FC da iyaye ya kamata su sani. Sashen Ultimate Team yana sayar da ƙunshin katuna waɗanda mai saye bai san abin da yake ciki ba sai ya buɗe. Hukumomin Beljiyam sun ɗauki irin wannan a matsayin caca a 2018, har EA ya daina sayar da makin saye a ƙasar a farkon 2019. Lu'ulu'un da ake saye a cikin Free Fire ma haka suke jan yara, kuma tun da ana iya biya ta kuɗin waya, wasan da aka ce kyauta ne yakan fi faifai tsada a ƙarshen shekara.

Idan aka zo ga na'ura, ra'ayina a fili yake: PS4 Slim ta hannu, mai wurin saka faifai, da manet (abin sarrafa wasa da ake riƙewa a hannu) biyu, ita ce ta fi dacewa da yawancinmu. PS4 ta fito a 2013, siririyar a 2016, an sayar da fiye da miliyan 100 a duniya, shi ya sa faifanta da kayan gyaranta suke da yawa, ko ta Duwala suka shigo ko ta Yola da Mubi, kuma masu gyara sun san cikinta. Tana cin wuta ƙasa da PS5, wadda takan ja kusan wat 200 a manyan wasanni, bambancin da mai sola da batir zai ji tun kafin tsakar dare. PS5 ta 2020 ta fi sauri nesa ba kusa ba, tana kuma karɓar yawancin wasannin PS4, kuma wasan GTA VI ba ya cikin na PS4. Amma kyan hotonta ba ya bayyana sosai a ƙaramin talabijin, sabunta wasa ɗaya kuma yana iya cinye gigabait goma ko fiye. PS5 wadda ba ta da wurin faifai, da na'urar Xbox Series S, ina ganin a bar su, domin komai sai an sauke. Ga shi kuma Kamaru da Cadi ba sa cikin ƙasashen da shagon PlayStation yake karɓa, sai mutum ya buɗe asusu da sunan wata ƙasa kamar Faransa, ya riƙa neman katin cika kuɗi na wannan ƙasar. PS2 ta shekarar 2000 har yanzu tana amfanar yara ƙanana, ba ta neman intanet ko kaɗan, sai dai idonta mai karanta faifai ya tsufa a yawancin waɗanda suka rage.

Wasannin labari irin su Marvel's Spider-Man na 2018 sun dace da mai faifai, tun da mutum ɗaya ne yake yi kuma idan ya gama yana iya musanyawa. GTA V yana da faɗi da 'yanci, amma an sa masa alamar shekara 18 saboda kisa da batsa, kuma bai kamata a bar shi a falon da yara suke ba. Mai kwamfuta kuwa zai iya gwada Aurion, wanda Kiro'o Games na Yawunde ya fitar a 2016. Faɗansa yana da daɗi, maganganunsa suna da tsawo, kuma na gida ne.

Ranar saye kada a yarda da kunnawa kawai. A saka faifai a buga rabin sa'a a cikin shagon, a saurari fanka: idan ta tashi da ƙara mai tsanani, ƙurar hunturu ta toshe ta ko kuma man da yake sanyaya cikinta ya bushe, kuma a zafinmu irin wannan na'ura takan kashe kanta. A ajiye manet a kan tebur ba tare da taɓa shi ba, a kalli allo. Idan ɗan wasa ya fara tafiya shi kaɗai, sandar ta lalace. Manet na jabu ya yi yawa a kasuwa, yakan fi na asali rashin nauyi, cajinsa kuma ba ya jimawa. A duba takardar hatimin da take bayan na'urar domin a san ko an taɓa buɗe ta, a jijjiga wayar HDMI a hankali a ga ko hoto yana ɗaukewa. Mai shago zai iya tallata wadda aka yi wa kutse aka cika ta da wasanni. Waɗannan kwafin sata ne, ba a shiga intanet da su, kuma sabuntawa ɗaya bisa kuskure tana rufe su gaba ɗaya. Daga cikin kuɗin a ware na abin daidaita wuta, ko ma ƙaramin batir mai riƙe wuta na 'yan mintoci, domin ɗaukewar wuta a lokacin da PS4 take ajiye wasa tana iya lalata bayanan da suke ciki, dawowarta da ƙarfi kuma ita take ƙona na'ura.