Waya mai kyau, amma batirinta ya kumbura a kwana na tara

Kwana takwas na farko ban ga abin kushewa a wayar nan ba. Hoto yana fita ras ko da dare, ga ta ba nauyi a hannu. A kwana na tara na ajiye ta kan tebur, sai na ga ta ƙi zama daidai. Ina juya ta na tarar murfin baya ya ɗaga ta gefe guda, batirin ya kumbura.

Lahanin nan babba ne. Batirin litiyam yana kumbura ne idan sinadaran cikinsa suka lalace suka tara iska, kuma in aka matse shi ko aka huda shi yana iya kamawa da wuta. Nan take na kashe ta, ban sake jona ta a caji ba.

Mai shagon ya tarbe ni da fara'a, har sai da na fito da wayar. Sai ya nuna min rubutun da ke ƙasan rasit, wai kaya in ya fita ba ya dawowa. Ya ce, "Malam, ai akwai garanti, ka kai wa kamfanin." Na ce, "Yallaɓai, a hannunka na saya, kai na miƙa wa kuɗina."

A nan ne ake yawan cutar masu saye. Garanti alkawari ne da kamfanin da ya ƙera kaya ya ɗauka don kansa, ƙari ne kawai. Ciniki kuwa tsakanin mai saye da mai sayarwa aka ƙulla shi. Dokar kare masu saye ta Birtaniya ta 2015 ta ba mutum kwana 30 ya mayar da kaya mai lahani ya karɓi kuɗinsa cif, kuma in lahanin ya bayyana cikin wata shida, ana ɗauka da shi aka sayar da kayan, sai in mai sayarwa ya kawo hujjar akasin haka. A Tarayyar Turai, alhakin kaya mai lahani yana kan mai sayarwa na aƙalla shekara biyu. Tun kafin waɗannan, malaman fiƙihu sun yi bayanin zaɓin aibi: wanda ya gano aibin da bai sani ba lokacin ciniki yana da damar mayar da kaya. Canza ra'ayi daban, kaya mai aibi daban, kuma ni ban canza ra'ayi ba.

Abin da ya cece ni shi ne rasit da kwali. Lambar IMEI (lambar shaidar kowace waya) mai alƙaluma 15 da ke jikin kwalin ita ce a rasit, don haka babu zancen na musanya waya. Na kuma ɗauki bidiyon kumburin tun ranar, ban bar mai gyara ya buɗe ta ba, don da an buɗe, da sun samu abin fakewa.

Sai da na je sau uku, na kuma rubuta musu ƙorafi cewa zan kai maganar hukumar kare haƙƙin masu saye, sannan suka ba ni sabuwa. Wata huɗu ke nan tana aiki lafiya lau, caji ɗaya yana kai ni dare. Irin wayar zan iya sake saye. Shagon kam na bar shi, tunda har yau wancan rubutu yana nan a ƙasan rasit ɗinsu.